Rem Khokhlov: Masanin da ya nemi a riƙa murɗa haske kamar tashar rediyo

A ranar 16 ga Mayun 1960, Theodore Maiman ya kunna na'urar leza ta farko a duniya a ɗakin binciken kamfanin Hughes da ke Malibu, a jihar Kalifoniya ta Amurka. 'Yar sandar jan yakutu ce aka haska da fitila mai walƙiya, ita kuma ta tofar da jan haske siriri mai tsananin ƙarfi. Jaridu sun yi ta yayata labarin, amma masana ba su daɗe ba suka ga inda gizo ke saƙa: launi ɗaya tak na'urar ke bayarwa, mai zangon nanomita 694, ba ƙari ba ragi. Duk wanda ya taɓa murɗa akwatin rediyo yana laluben mita 19 ko mita 25 a gajeren zango ya san ƙimar rediyon da ba ya kama komai sai tasha guda, komai tsadarsa.

Cikin mutanen farko da suka nuna yadda za a yi wa leza abin murɗawa akwai Rem Viktorovich Khokhlov, masanin fiziks na Tarayyar Sobiyet, wanda ya shugabanci Jami'ar Mosko daga 1973 har rasuwarsa a 1977 yana da shekara 51. A wajen Rasha ba kasafai ake jin sunansa ba sai a bakin masu binciken haske da sauti. Rayuwarsa kuwa ta cancanci a sani, domin a cikinta ana ganin abin da ƙasa mai mulkin jam'iyya ɗaya ke iya ba masani, da kuma abin da take karɓa a hannunsa.

An haife shi ranar 15 ga Yulin 1926 a garin Livny da ke yankin Oryol, kudu da Mosko. Mahaifinsa jami'in siyasa ne da ya yi karatun injiniya, mahaifiyarsa kuma masaniyar fiziks. Sunan da suka raɗa masa ma shaida ne na zamaninsu, don Rem na cikin sunayen da masu aƙidar kwaminisanci suka ƙirƙiro bayan juyin juya halin 1917, kuma akan fassara shi da haruffan farko na kalmar juyin juya hali a Rashanci, da Engels, da Marx. Bai cika shekara 15 ba lokacin da Jamus ta afka wa ƙasarsu a watan Yunin 1941. Karatu ya tsaya, ya shiga garejin gyaran motoci. A 1944 ya zauna jarrabawar kammala sakandare a matsayin ɗalibin waje, ya samu gurbi a kwalejin injiniyan jiragen sama ta Mosko, sannan a 1945 ya koma tsangayar fiziks ta Jami'ar Mosko, inda ya ƙare rayuwarsa ta aiki baki ɗaya.

Lokacin da ya shiga harkar, kimiyya a ƙasar tana tafiya ne a kan siraɗi. A 1948 Trofim Lysenko, da goyon bayan Stalin, ya sa aka haramta ilimin gadon halitta, aka kori ɗimbin masana daga aiki. Fiziks ya tsira daga irin wannan kamun musamman don gwamnati na buƙatar bam na nukiliya, kuma ta san aƙida ba ta ƙera shi. Khokhlov ya zaɓi wani fanni da ba ya jan idon 'yan siyasa, wato nazarin kaɗawa: yadda abubuwa ke kai-komo, daga lilo zuwa wutar da ke yawo a cikin rediyo. A nan ya samu digirinsa na bincike a 1952.

Wannan zaɓin shi ya zama jarinsa. Fannin na da tushe mai zurfi a Mosko tun zamanin Leonid Mandelstam da Nikolai Papaleksi, waɗanda a shekarun 1930 suka yi nazarin wata hanya ta musamman ta ƙarfafa kaɗawa. Yaro a kan lilo ya san ta ko da bai san sunanta ba. Ba wanda ke tura shi, amma yana durƙusawa yana miƙewa sau biyu a kowane zuwa da dawowa, sai lilon ya yi ta ƙara nisa. Ƙarfin da ya zuba da sauri biyu ya koma motsi mai sauri ɗaya. Masana na kiran wannan hanyar faramitirik, kuma injiniyoyin rediyo sun daɗe suna amfani da ita wajen ƙara wa raunanan saƙonni ƙarfi.

A 1959 aka tura shi Jami'ar Stanford a Kalifoniya na shekara guda. Shekara ɗaya kafin nan ne Amurka da Tarayyar Sobiyet suka rattaba hannu kan yarjejeniyar musayar malamai da ɗalibai, ƙofar da ta ɗan buɗe bayan mutuwar Stalin. Iskar sassaucin ba ta daɗe ba: a ranar 1 ga Mayun 1960 Sobiyet ta harbo jirgin leƙen asirin Amurka samfurin U-2, kwana goma sha biyar kafin Maiman ya kunna lezarsa. Khokhlov ya koma gida, kuma a 1961 ya buga maƙalu kan yadda igiyoyin lantarki ke sauya siffa idan suna tafiya a layin da ba ya amsa musu daidai wa daida. Batun rediyo yake yi. Amma lissafin da ya tsara bai damu da ko igiyar ta rediyo ce, ko ta haske, ko ta sauti ba.

Abin da ya faru a Michigan

A shekarar ce kuma Peter Franken da abokan aikinsa a Jami'ar Michigan suka auna jan hasken lezar yakutu cikin farin dutsen kwaz, sai wani ɗan haske na daban ya fito ta ɗaya gefen, mai zangon nanomita 347, rabin na asali cif, wanda ido ba ya gani. Ƙanƙantar alamar a hoton da suka aika wa mujallar Physical Review Letters ta kai har masu shirya bugu suka ɗauka datti ne suka goge ta. Haka aka buga maƙalar da ta buɗe sabon fanni ba tare da hujjarta ta fito a hoton ba.

Dalilin mamakin shi ne, a hasken yau da kullum, abin da ka zuba shi kake kwasa. Jan haske ya shiga gilashi, jan haske zai fito. A ninka ƙarfinsa, amsar gilashin ta ninku, shi ke nan. Idan haske ya yi tsanani ƙwarai, sai ya girgiza ƙwayoyin lantarkin da ke cikin abin da yake ratsawa fiye da ƙima, amsarsu ta karkace, kamar lasifikar da aka ƙure wa murya har ta fara fitar da wasu sautuka da mai magana bai furta ba. A haske, waɗannan baƙin sautukan su ne sababbin launuka. Rashawa na da tarihi a nan ma, don Sergei Vavilov da Vadim Levshin sun ba da rahoton cewa gilashin yuraniyom na rage shan haske idan hasken ya yi ƙarfi, a wani aiki da aka buga a 1926, shekarar haihuwar Khokhlov. Sai dai a lokacinsu babu fitilar da za ta kai a ci gaba.

Irin wannan tsananin ba ya samuwa sai an tara makamashi an sake shi gaba ɗaya cikin ƙiftawar da ta fi ta ido gajarta nesa ba kusa ba. Lissafin mai sauƙi ne. Makamashin jul ɗaya bai isa ya ɗumama cokalin ruwa har a ji ba, amma in aka sake shi cikin kashi 20 na biliyan ɗaya na daƙiƙa, ƙarfinsa a wannan ɗan lokacin ya kai megawat 50. A 1962 Robert Hellwarth da Fred McClung na kamfanin Hughes suka nuna dabarar toshe lezar har ta cika ta batse sannan a buɗe ta farat ɗaya. Shi ya sa tarihin wannan fanni a farkonsa tarihin leza mai bugu-bugu ne, mai fitar da haske walƙiya-walƙiya.

Khokhlov da abokinsa Sergei Akhmanov, wanda Khokhlov ya girme shi da shekara uku, sun gane cewa lissafin rediyon da ke hannunsu ya dace da wannan sabon al'amari kamar an auna. Suka kafa ɗakin binciken wannan fanni na farko a Tarayyar Sobiyet. A 1962 suka buga shawarar da ta fi komai ɗaukaka sunansu. Franken ya haɗa ƙwayoyin haske biyu sun zama ɗaya mai ninkin ƙarfi. Su kuma suka ce a juya lamarin, a sa ƙwaya ɗaya ta rabe biyu a cikin dutsen kiristal. Dokar kawai ita ce ƙarfin biyun in an haɗa ya zama daidai da na uwar. Kamar canjin takardar naira dubu ne: ana iya ba ka ɗari biyar biyu, ana iya ba ka ɗari bakwai da ɗari uku. Tunda ƙarfin ƙwayar haske shi ne launinta, kowane irin rabo na nufin wasu launuka biyu na daban. Daga leza mai launi ɗaya, ga hanyar samun launuka barkatai.

Saura tambayar wane rabo dutsen zai zaɓa, kuma a nan abin murɗawar yake. Igiyoyin uku, uwa da 'ya'yanta biyu, dole su tafi da taki ɗaya a tsawon dutsen, kamar mata masu lugude a turmi guda, waɗanda in ɗaya ta saɓa lokaci sai taɓare su yi karo aikin ya lalace. A dutsen kiristal, saurin haske ya danganta da launinsa da kuma kusurwar da ya bi. Saboda haka a kowace kusurwa, ko a kowane matakin zafi, rabo ɗaya ne kawai takinsa ke daidaita, shi ne kuma zai girma. A ɗan juya dutsen ko a ƙara masa zafi, sai launin da ke fita ya sauya. A sa dutsen tsakanin madubai biyu domin hasken ya yi ta kai-komo yana ƙaruwa, an samu fitilar da ake murɗawa.

Ba su kaɗai suka hango haka ba. Norman Kroll da Robert Kingston a Amurka kowanne ya kawo irin wannan shawara a shekarar, kuma Nicolaas Bloembergen da ɗalibansa a Harvard sun buga cikakken lissafin fannin a 1962. A wajen ƙera na'urar ma Amurkawa ne suka riga: Joseph Giordmaine da Robert Miller na ɗakunan binciken Bell suka kunna ta farko a 1965, da dutsen litiyom nayobet da suke sauya wa zafi. Tawagar Mosko, wadda ta haɗa da Akhmanov, da Kovrigin, da Piskarskas, da Fadeev, da Khokhlov, ta nuna ƙarfafa haske ta wannan hanya a 1965 da wani dutse da ake kira KDP, sannan ta kunna tata na'urar a 1966, ana murɗa ta ta hanyar juya dutsen. Tseren ya yi kusa ainun, kuma wanda ya san bambancin kayan aiki tsakanin Bell da wata tsangayar jami'a a Mosko ba zai raina na biyun ba. A fagen rubutu kuwa su ne kan gaba, don littafin Akhmanov da Khokhlov kan matsalolin wannan fanni ya fito a 1964, shekara guda kafin na Bloembergen. A 1970 aka ba su biyun Lambar Lenin, mafi girma a ƙasar.

Amfanin abin a bayyane yake. Kowane sinadari yana da launukan da yake sha, kamar zanen yatsa. Mai fitilar da ake murɗawa na iya tambayar iska ko jini ko hayaƙin masana'anta abin da ke cikinsu ba tare da ya taɓa su ba. Sojoji da masu harkar nukiliya ma sun sa ido, don hasken da aka daidaita sosai na iya bambance nau'o'in yuraniyom. Kuɗin da ƙasashen biyu suka zuba a binciken leza ba don son ilimi kaɗai ba ne.

Duk da haka na'urar ta yi shekaru a gefe. Duwatsun wancan lokaci ba sa jure bugun hasken, sukan ƙone ko su tsage. A 1966 kuma Peter Sorokin da John Lankard a kamfanin IBM, da Fritz Schäfer a Jamus, suka gano leza mai aiki da ruwan rini, wadda ita ma ana murɗa ta kuma ta fi sauƙin sha'ani. Ita ta mamaye ɗakunan bincike kusan shekara ashirin, duk da ƙazantar rinin da gubarsa. Sai a shekarun 1980, da Chen Chuangtian da abokan aikinsa a lardin Fujian na ƙasar Sin suka samar da sababbin duwatsu masu juriya, BBO da LBO, tunanin 1962 ya samu jikin da zai ɗauke shi. Khokhlov bai ga wannan ba.

Hannunsa ya kai wasu wurare. A 1967 ɗakin bincikensa na cikin uku da suka fara ganin ƙwayar haske na rabewa biyu da kanta ba tare da an tsokane ta ba, abin da David Klyshko na jami'ar tasu ya yi hasashe. Ɗaya daga sauran biyun a Stanford yake. Irin waɗannan tagwayen ƙwayoyi ne Anton Zeilinger ya yi aiki da su a gwaje-gwajen da suka kai shi ga Lambar Nobel ta 2022. A 1969 kuma Khokhlov da Evgenia Zabolotskaya suka fitar da lissafin yadda sauti mai tsanani ke tafiya a dunƙule, wanda bayan ƙarin da Kuznetsov ya yi masa ake kira KZK. Da shi ake auna na'urorin asibiti masu tattara sautin da kunne ba ya ji domin ƙona ƙari a cikin jiki ba tare da fiɗa ba.

Kujerar shugabanci

A watan Janairun 1973 Ivan Petrovsky ya rasu bayan ya shugabanci Jami'ar Mosko tun 1951. Masanin lissafi ne da bai taɓa shiga jam'iyyar kwaminis ba, abin da ba a saba gani ba a irin wannan kujera. Wanda ya gaje shi, Khokhlov, ɗan jam'iyya ne, bai kai shekara 50 ba, ga ƙarfin jiki ga farin jini a wurin ɗalibai. Muƙamai suka biyo baya a jere: cikakken wakili a Majalisar Masana Kimiyya ta ƙasa da kujera a Majalisar Ƙoli ta Sobiyet a 1974, wakilci a hukumar binciken kuɗi ta tsakiya ta jam'iyya a 1976, sannan matsayin mataimakin shugaban Majalisar Masana a 1977.

Waɗanda suka yi aiki da shi sun fi tuna shi da sauƙin kai, da jawo matasa gaba, da ƙoƙarin haɗa masu fiziks da masu nazarin halittu da likitoci a aiki ɗaya. Ba laifi a yarda da su. Sai dai zamanin Brezhnev ne, lokacin da ake farautar masu saɓa wa gwamnati, ana yi wa Andrei Sakharov taron dangi a jaridu, musamman bayan an ba shi Lambar Nobel ta zaman lafiya a 1975. A shekarun 1970 ɗin ne kuma tsangayar lissafi ta Jami'ar Mosko ta yi ƙaurin suna wajen kayar da Yahudawa masu neman gurbi ta hanyar ba su tambayoyi na musamman masu wuyar gaske a jarrabawar baka. Al'adar ta zarce shekarunsa, ta ci gaba bayan ransa, amma shekaru huɗun da ya yi suna cikinta. Kyawun halin shugaba ba ya ɗauke masa kasonsa na abin da ake yi a ƙarƙashin rufinsa, kuma tsarin da ya ɗaga Khokhlov daga gareji zuwa wannan kujera shi ne dai ya rufe wa wasu yaran ƙofa saboda asalinsu.

Abin da ya bari mafi ɗorewa ɗalibai ne. Algis Piskarskas, matashin da sunansa ke kan maƙalar 1965, ɗan Lituweniya ne. Ya koma Vilnius ya kafa cibiyar binciken leza a jami'ar birnin, inda a 1992 shi da Audrius Dubietis da Gediminas Jonušauskas suka haɗa hanyar faramitirik da dabarar miƙe bugun haske kafin a ƙarfafa shi, hanyar da wasu daga cikin manyan lezojin duniya ke bi a yau. Daga wannan cibiya kamfanin Light Conversion ya fito a 1994, kuma na'urorinsa masu murɗa launi suna ɗakunan bincike a nahiyoyi da dama. Lituweniya ce jamhuriya ta farko da ta ayyana ɓallewa daga Tarayyar Sobiyet a 1990, ta kuma tafi da wannan gado ta mai da shi sana'ar da take sayar wa duniya. A gida ma barewa ba ta yi gudu ɗanta ya yi rarrafe ba: ɗansa Alexei Khokhlov ya zama fitaccen masanin fiziks, har ya riƙe muƙamin mataimakin shugaban Majalisar Masana Kimiyya ta Rasha.

Khokhlov mahayin duwatsu ne na gaske, kuma shugabanci bai raba shi da abin ba. A bazarar 1977 ya bi tawagar jami'a zuwa tsaunukan Pamir a Tajikistan domin hawa ƙololuwa mafi tsawo a Tarayyar Sobiyet, mai tsayin mita 7,495, wadda a lokacin ake kira Ƙololuwar Kwaminisanci. A can sama, cikin sanyi da ƙarancin iska, rashin lafiya ya kama shi. Jirgi mai saukar ungulu ya ɗauko shi daga wani filin ƙanƙara da ke kusan mita 6,000, tsayin da sauka a cikinsa kasada ce ga irin jiragen lokacin. Aka wuce da shi Mosko, inda ya rasu ranar 8 ga Agusta. An binne shi a maƙabartar Novodevichy, Anatoly Logunov ya gaje shi a jami'a.

Shekara huɗu bayan haka aka ba Bloembergen da Arthur Schawlow Lambar Nobel saboda binciken sinadarai da hasken leza; dokar lambar ba ta yarda a ba mamaci ba. A 1985 ƙasarsa ta ba shi Lambar Ƙasa bayan rai saboda aikinsa kan sauti. Akwai titi mai sunansa a harabar jami'ar, da wani ƙaramin dutsen sararin samaniya mai lamba 3739 da aka raɗa wa suna Rem. Tsaunin kuwa, wanda kafin 1962 sunan Stalin yake amsawa, gwamnatin Tajikistan ta sake masa suna a 1998 zuwa Ismoil Somoni, sarkin daular Samaniyawa.